Ma'anar “ambaliyar ba-zata”, da abin da matsattsun kwazazzabai ke nunawa a kanta

Tun daga ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025, da wadda kogin Guadalupe ya yi a jihar Texas ta Amurka ranar 4 ga Yulin 2025, kalmar “ambaliyar ba-zata” ta zauna daram a bakin masu karanta labarai da jami'an gwamnati. Kwalbati ya toshe ruwa ya shiga unguwa, a ce ba-zata. Kogi ya yi mako biyu yana tasowa a idon kowa har ya ci gonaki, shi ma a ce ba-zata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake furta ta, da irin muryar da ake cewa “harin ba-zata”, wato abin da babu mai iya hangowa, saboda haka babu wanda za a tambaya. Masana yanayi ba haka suke nufi ba.

A wurinsu wannan kalma ma'aunin lokaci ce. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana kiran ambaliya da wannan suna idan ruwa ya taso cikin awa 6 daga abin da ya haddasa shi, ko ruwan sama mai ƙarfi ne ko fashewar madatsa, kuma sau da yawa mintuna ne kawai. Ambaliyar da ta ci Lokoja a 2012 da 2022 wata iri ce daban, ta kogi ce, mai tafiyar kwanaki da makonni daga sama zuwa ƙasa, ana auna ta tana zuwa. Ita kuwa ta ba-zata, lokacin isowarta ne ke shammatar wanda ke kan hanyarta. Hanyar kanta sananniya ce. Ruwa ba ya ƙirƙirar sabuwar hanya don ya ruɗa mutane, inda ya bi shekaru aru-aru nan zai sake bi, kuma ya bar sawunsa a fili ga mai son gani.

Babu inda wannan ya fito ƙarara kamar matsattsun kwazazzaban hamadar kudu maso yammacin Amurka, a jihohin Utah da Arizona, waɗanda hotunansu suka cika Instagram da TikTok. Tsagogi ne a jikin dutsen yashi, wanda asalinsa tuddan rairayi ne da suka daskare kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce. Zurfin wasu mita 30 ne, wasu sun haura 100, amma faɗinsu a ƙasa kan kai yadda mutum zai taɓa bango biyu da hannuwansa, a wasu wuraren ma sai ya cire jaka ya bi a karkace. Bangon sumul yake, a murɗe kamar an zana shi, ja da ruwan goro, rana na leƙowa ta siririyar kafa a can sama. Wannan santsin da ake ɗaukar hotonsa aikin ambaliya ne. Ruwa mai ɗauke da yashi da tsakuwa ne ya goge shi, kuma bai gama aikin ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa hamada tana shanye ruwa, tun da yashi ce. Mafi yawan ƙasar da ke kewaye da waɗannan kwazazzabai tsiraran dutse ne da busasshiyar ƙasa mai tauri, babu ciyawar da za ta riƙe ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin indararo ya san lissafin: rufin soro gaba ɗaya ne ke tara ruwan, ya turo shi ta baki ɗaya, yayyafi a sama ya zama ƙarfi a ƙasa. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. To idan milimita 25 suka sauka a kan murabba'in kilomita 10, an samu lita miliyan 250. Ko da rabi kaɗai ya gangaro, duka zai nemi wucewa ta tsaga mai faɗin mita 2. Ba shi da inda zai bazu, sai ya hau sama. Abin da ke isowa kuma ba ruwa zalla ba ne, kwaɓaɓɓen laka ne da kututturan itace da duwatsu a gaba. A kwazazzabon Buckskin Gulch da ke kudancin Utah, wanda matsattsen ɓangarensa ya fi kilomita 20, mai tattaki kan ɗaga kai ya ga gungume a maƙale tsakanin bango biyu, mitoci da yawa sama da kansa. Ruwa ne ya ajiye shi a can.

Ranar 12 ga Agustan 1997 wasu masu yawon buɗe ido suka sauka cikin kwazazzabon Antelope na ƙasa, kusa da garin Page na jihar Arizona, a yankin ƙabilar Navajo. Tsawonsa bai wuce mita 400 da 'yan kai ba. Ruwan da ya sauka a wurin ranar bai taka kara ya karya ba. Hadarin ya zube ne can sama, tazarar fiye da kilomita 10, a kan ƙasar da ke juye ruwanta cikin wannan tsaga. Mutum 11 suka rasu, 7 daga Faransa, 2 Amurkawa, ɗaya daga Birtaniya, ɗaya daga Suwidin. Jagoransu kaɗai ya tsira. Tsanin katako da ake shiga da fita da su ruwan ya kwashe. Yanzu tsanin ƙarfe ne a kafe da ƙusoshi a jikin dutse, akwai jiniya a bakin shiga da rediyon sauraron gargaɗin yanayi, kuma ba a shiga sai da jagora mai lasisin hukumar Navajo. Su Navajo ɗin dama sunan da suka ba kwazazzabon Antelope na sama yana nufin wurin da ruwa ke bi ta cikin duwatsu.

Ga tushen ruɗanin: mutum yana duba saman kansa, alhali saman da ya kamata ya duba yana bayan tudu, inda idonsa ba ya kaiwa. A cikin tsagar ma abin da yake gani na sama bai fi faɗin tafin hannu ba.

Lamarin Keyhole a Zion, gandun daji na ƙasa da ke jihar Utah, ya fi wannan nuna inda kalmar ke yaudara. Keyhole gajeren kwazazzabo ne a gefen titi, wanda ake kai masu koyon sauka da igiya, ana gama shi cikin awa ɗaya ko biyu. Ranar 14 ga Satumban 2015 mutum 7 suka karɓi takardar izini da safe, kuma hasashen ranar ya nuna akwai yiwuwar ambaliya sosai. Da rana aka fitar da cikakken gargaɗi, amma babu sabis ɗin waya a inda suke. Da yamma ruwa ya sauka, kimanin milimita 16 cikin awa ɗaya, adadin da manomi ba zai ma kira shi ruwan kirki ba. A ma'aunin kogin Virgin da ke ratsa gandun, gudun ruwa ya tashi daga kimanin lita 1,600 a daƙiƙa zuwa kusan lita 74,000 cikin minti 15. Dukansu bakwai suka rasu. Mintin da ruwan ya iso ba-zata ne a gare su, wannan babu musu. Amma watan sananne ne, domin daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba ne daminar yankin, lokacin da hadari ke haɗuwa bayan azahar. Wurin sananne ne, hasashen kuma a rubuce yake. Idan aka naɗe duk wannan cikin kalmar “ba-zata” aka wuce, an hana na baya sanin abin da zai cece su.

Sai kuma maganar cunkoso, wadda ba a cika haɗa ta da ambaliya ba, alhali tare suke tafiya. Gandun Zion ya karɓi baƙi ƙasa da miliyan 3 a 2010, a 2021 sun haura miliyan 5. Da manyan wuraren suka cika, sai jama'a suka fantsama cikin lungunan da babu titi, babu ma'aikaci, babu makewayi, suna bin taswirar da wani ya ɗora a intanet. Hukumomi suka koma rabon izini: hawa dutsen Angels Landing na Zion ta hanyar ƙuri'a tun Afrilun 2022, dutsen yashin da ake kira The Wave a arewacin Arizona mutum 64 a rana tun 2021, masu kwana a kwazazzabon Paria da Buckskin mutum 20 a rana, kuma dole kowa ya fito da bayan gidansa a jaka ta musamman, domin a cikin tsagar da rana ba ta shiga ƙazanta ba ta ruɓewa da wuri, kuma babu inda za a binne ta nesa da ruwa.

Cunkoso na ƙara haɗarin ambaliya ta hanyar da lissafi ke nunawa. A matsattsen wuri ba a wuce juna. Inda ake sauka da igiya mutum ɗaya ne ke sauka a lokaci guda: ya ɗaura igiya a ɗamararsa, a duba, ya sauka, ya kwance, ya yi kira. A ce minti 5 ga kowa. Ayarin mutum 4 minti 20 ke nan, ayarin 12 awa guda, kuma idan ayari biyu na gabanka, tafiyar da ka tsara gamawa kafin azahar ta kai ka la'asar, daidai lokacin hadari. Da zarar an zare igiyar farko kuma, babu komawa baya, sai dai gaba. Tsani ma haka yake, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Mutum 40 ba sa fita ta tsani ɗaya cikin minti biyu.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da taro ke yi wa hankali. Mutum ya ga motoci cike da wurin ajiya, ya ga iyali da ƙananan yara suna shiga, sai ya ɗauka wani ya riga ya duba yanayi. Kowa na jingine da kowa. Takardar izinin ma takan zama tarko: wanda ya ci ƙuri'a watanni uku da suka wuce, ya biya jirgi da masauki, da wuya ya juya saboda gajimaren da bai ma gani da idonsa ba. Izini na ƙayyade yawan mutane ne kawai, ba ya cewa ranar lafiya lau take. A 2023 mutum 4 suka rasu a Buckskin, biyu a watan Maris, biyu a Mayu, watannin da ba na daminar yankin ba.

Abin da masu sanin wannan tattaki ke yi kafin shiga ba ɓoyayye ba ne. Suna buɗe taswira su bi kwazazzabon zuwa sama har inda ruwansa ya faro, sannan su duba hasashen wannan yanki duka, ba na garin da suka kwana ba. Ga Paria da Buckskin wannan na nufin duba har tuddan wajen gandun dajin Bryce, gomman kilomitoci a arewa. A Zion ana liƙa hasashen ambaliya mataki huɗu, daga “ba a tsammani” zuwa “ana tsammani”, kuma ƙwararru ba sa shiga tsaga mai tsawo ko a mataki na biyu. Sashen The Narrows, matsatsin da kogin Virgin ke bi a cikin Zion, ana rufe shi idan gudun kogin ya wuce kimanin lita 4,200 a daƙiƙa, ko aka fitar da gargaɗi, kuma ba a buɗewa sai awa 2 bayan an janye shi. Suna shiga da sassafe. Suna ƙirga mafita tun a gida, sannan a ciki duk inda suka wuce wani dandamali ko gangaren da za a iya hawa, su riƙe shi a rai su lura da mintunan da suka yi daga can. Ayari ƙarami, hular kwano a kai, kuma a bar wa wani a waje sunan kwazazzabon da lokacin fitowa, domin waya ba ta aiki a ciki, na'urar tauraron ɗan'adam ma sau da yawa bango na tare ta.

Alamun isowar ruwa kaɗan ne kuma a makare suke zuwa: ruwan da ke garau ya fara gurɓacewa, ganye da ƙirare su fara wucewa, iska mai sanyi da warin laka ta buso daga sama, sai ruri kamar na jirgi. Wanda ya ji rurin daƙiƙoƙi suka rage masa. A yar da jaka, a hau sama, ko mita 2 ko 3 ne aka samu. Gudu zuwa ƙasa ba ya fid da kowa, ruwan ya fi mutum sauri a kan tsakuwa da laka. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 60 na ɗauke yawancin motoci, shi ya sa hanyar komawa gida ma, inda titin ƙasa ke ratsa busasshen rafi, tana cikin lissafin.

Mutanen Agadas ba sa bukatar a fassara musu wannan. Korin Telwa, rafin da ke bi ta gefen birnin, yakan bushe ƙurmus yawancin shekara, ruwan da ya sauka a duwatsun Abzin ne ke cika shi, kuma a farkon Satumban 2009 ya fasa shinge ya shiga unguwannin birnin. Tsarin ɗaya ne da na Antelope, faɗin mazubar ne kawai ya bambanta.

Wanda ya samu ya hau sama kuma, kada ganin ruwa ya ja baya ya sa shi saukowa. Rassan kwazazzabo ba sa juye ruwansu lokaci guda, tashi na biyu kan biyo bayan na farko, kuma janyewar kan ɗauki awa 24 ko fiye. Bayan ambaliyar ta wuce ma hanyar ba wadda aka sani ba ce: yashi mai zurma ƙafa har cinya, sababbin duwatsu a inda babu da, ƙusoshin igiya da ruwa ya girgiza, da tafkunan sanyi da rana ba ta taɓawa, waɗanda kan daskarar da jikin mutum ko da a waje zafi ya kai digiri 40. Don haka ake ajiye busasshiyar riga, fitilar goshi, ɗan abinci da abin tace ruwa a ƙaramar jakar da ke ɗaure a jiki, daban da babbar da za a yar.