Gidan Spencer da Ƙauyen Great Brington: Daga Kiwon Tumaki zuwa Surukuta da Gidan Sarauta

Galibin masu jin sunan Spencer, Gimbiya Dayana ce ke faɗo musu a rai. A ƙasar Hausa ma akwai dattawan da ke tuna zuwanta Maiduguri a 1990, inda ta ziyarci asibitin kutare na Molai. Sai dai gidan da ta fito ya kwashe sama da shekara ɗari biyar a wuri guda, kuma tarihinsa a ɗaure yake da wasu ƙananan ƙauyuka na tsakiyar Ingila.

Ina ne wannan gida, kuma wane ƙauye ake nufi?

Gidan sunansa Althorp, yana yankin Northamptonshire, 'yan mil kaɗan arewa maso yamma da garin Northampton. Katafaren gini ne mai ɗakuna kusan 90, kewaye da gonaki da dazuzzuka da suka kai eka 13,000. Great Brington kuwa ƙauye ne da ke maƙwabtaka da shi. A cocin ƙauyen ne ake binne 'yan gidan tun daga John Spencer, wanda ya sayi Althorp a 1508 ya rasu a 1522. Shi ya gina wa zuriyarsa sashe na musamman a cocin, kuma har yau kaburburansu na nan da siffofin mamatan da aka sassaƙa da dutse a kwance.

Daga ina arzikinsu ya fito?

Daga tumaki. Ba yaƙi suka ci ba, ba sarki ne ya yanka musu ƙasa ba. Makiyaya ne daga yankin Warwickshire, masu hayar filayen kiwo a hannun wasu. A wancan zamani gashin tumaki shi ne ƙashin bayan kasuwancin Ingila, ana saƙa shi a yi tufa a fitar ƙasashen Turai. John Spencer ya fahimci haka. Ya sayi ƙauyen Wormleighton da ke Warwickshire a 1506, bayan shekara biyu ya sayi Althorp daga hannun gidan Catesby. 'Ya'yansa da jikokinsa suka bi sawunsa, garke ya kai dubbai, suna sayar da gashi ga 'yan kasuwa, suna kora raguna Landan ga mahauta. Ribar kuma ba su ɓarnatar ba: ƙasa suke ƙara saye, suna aurar da 'ya'yansu cikin gidajen masu kuɗi.

To mutanen da ke zaune a waɗannan wurare fa, me ya same su?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, kuma ita ce ba a cika yi ba. Tunkiya na buƙatar fili, amma ba ta buƙatar hannaye da yawa. Gonar da za ta ciyar da gidaje goma, makiyayi ɗaya da karensa sun ishe ta idan aka mayar da ita makiyaya. Saboda haka masu ƙasa a Ingila suka shiga shinge filaye suna tashin manoma.

Althorp kansa da ƙauye ne. Sunansa yana cikin babban kundin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka rubuta a 1086. Amma kafin Spencer ya saye shi, mutane sun riga sun watse, gonaki sun koma ciyawa. Yau sunan kawai ya rage, a kan gidan mutum ɗaya.

Labarin Wormleighton ya fi fitowa fili. A 1499 wani jami'in fadar Sarki Henry na Bakwai, William Cope, ya rushe gidajen manoma a can, aka kori kimanin mutum 60. Daga hannunsa ne ƙasar ta koma hannun Spencer. Da hukuma ta buɗe bincike kan shingen filaye a 1517, maganar ta biyo ta kan John Spencer, ya kare kansa da cewa ya gina sababbin gidaje a kan tudu, ya gyara coci. Gaskiya ne ba shi ya yi korar ba, kuma sabon ƙauyen yana nan. Amma ciyawar da tumakinsa suka ci, a kan kufan gidajen mutane ta tsiro. Wanda ya je wurin yau zai ga tudun-tudun ƙasa a cikin fili, alamar inda tituna da gidaje suke a da. Sunayen 'yan gidan Spencer an sassaƙa su a dutse a Great Brington. Waɗancan mutum sittin ɗin adadi kawai aka ajiye musu.

Yaya aka yi makiyaya suka zama masu sarauta?

Kuɗi ya buɗe ƙofa. A 1603 Sarki James na Ɗaya ya naɗa Robert Spencer sarautar Baron, kuma a lokacin ana faɗin babu wanda ya kai shi tsabar kuɗi a hannu a duk ƙasar. Tsofaffin gidajen sarauta ba su ji daɗi ba. A 1621, ana cikin muhawara a majalisar masu sarauta, basaraken Arundel ya yi masa gorin cewa lokacin da ake manyan al'amura kakanninsa kiwon tumaki suke yi. Spencer ya mayar masa da cewa lokacin da kakanninsa ke kiwo, kakannin Arundel cin amanar sarki suke ƙullawa. Maganar ta yi zafi don akwai gaskiya a ciki: an sare kan kakan Arundel bisa wannan laifi. Arundel ne aka tura kurkuku a kan rikicin.

Duk da wannan amsa ta namiji, gorin asali yana cin su a rai. Tun a 1595 wani jami'in kula da salsalar manyan gidaje ya tsara musu wata salsala da ta haɗa su da gidan Despenser, tsofaffin manya na zamanin da. An daɗe ana riƙe da ita, har sai da masanin tarihi Horace Round ya warware ta a 1901, ya nuna ƙagagge ce. A ganina asalin gaskiyar ya fi na aron kyau, domin kiwo sana'a ce da ba abin kunya a cikinta.

Me ya raba su da Wormleighton?

Yaƙin basasa. Henry Spencer ya bi ɓangaren Sarki Charles na Ɗaya, aka ɗaga shi zuwa Earl na Sunderland a 1643, aka kashe shi a fagen daga a Newbury cikin wannan shekarar yana ɗan shekara 22. A 1645 sojojin sarkin da kansu suka cinna wa babban gidan Spencer da ke Wormleighton wuta don kada abokan gaba su fake a ciki. Tun daga nan Althorp ya zama babban mazauninsu.

Da gaske ne su da Winston Churchill jini ɗaya ne?

Ƙwarai. A 1700 Charles Spencer ya auri Anne, 'yar John Churchill, babban kwamandan da ya zama Duke na Marlborough. Churchill bai bar ɗa namiji ba, sai sarautarsa ta bi ta kan 'ya'ya mata ta faɗa hannun ɗan Anne a 1733. Nan gidan ya rabu biyu. Babban reshe ya koma fadar Blenheim, daga baya ya ɗauki sunan Spencer-Churchill, kuma daga shi Winston ya fito. Ƙaramin ɗan Anne, John, ya riƙe Althorp, ya kuma gaji dukiyar kakarsa Sarah, matar Marlborough. Ɗansa ne ya zama Earl Spencer na farko a 1765. Reshen Dayana ke nan.

Akwai wanda ya yi wa jama'a wani abin kirki a cikinsu?

Akwai, kuma wanda na fi girmamawa shi ne Earl na uku, John Charles. Yana ministan kuɗi daga 1830 zuwa 1834, shi ya ja ragamar dokar gyaran zaɓe ta 1832 a majalisar wakilai. Dokar ta ƙwace kujeru daga mazaɓun da mutanensu ba su taka kara sun karya ba, ta ba manyan garuruwa irin su Manchester da Birmingham. A 1833 aka yi dokar masaƙu da ake kira da sunansa, wadda ta hana sa yaran da ba su kai shekara tara ba aiki a yawancin masaƙu, ta kuma naɗa masu sa ido. Mutum ne da siyasa ba ta ɗaɗa shi da ƙasa ba; da ya bar mulki, shanu ya koma kiwo, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar manoman Ingila a 1838.

Mahaifinsa kuwa littattafai ya sa a gaba, ya tara kusan 40,000, ciki har da na farko-farkon da aka buga a Turai. A 1892, da kuɗin noma ya faɗi, Earl na biyar ya sayar da su ga Enriqueta Rylands a kan fam 210,000. Suna ɗakin karatu na Rylands a Manchester yanzu, inda masu nazari ke iya kai gare su.

Me ya haɗa ƙauyen da Amurka?

A cikin cocin Great Brington akwai kabarin Lawrence Washington, wanda ya rasu a 1616. Jikansa John ne ya ƙaura Virginia, kuma daga tsatsonsa George Washington, shugaban Amurka na farko, ya fito.

Me ya sa ba a binne Dayana tare da kakanninta ba?

Da farko can aka nufa. Ta rasu a Faris ranar 31 ga Agusta 1997, kuma shirin shi ne a kai ta cocin Great Brington inda tokar mahaifinta take tun 1992. Ƙaninta Charles, Earl na tara, ya canza shawara saboda tsoron kada tururuwar baƙi ta shanye ƙaramin ƙauyen, da kuma son 'ya'yanta biyu su riƙa ziyarar kabarin ba idon jama'a a kansu. Ranar 6 ga Satumba aka binne ta a wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar tafki a harabar Althorp. Ni ina ganin wannan shawara ta yi wa mutanen ƙauyen adalci.

Yau yaya gidan yake?

Ikon siyasa ya tafi: dokar 1999 ta fitar da akasarin masu sarautar gado daga majalisa, har da Earl Spencer. Ƙasar kuwa tana nan, kuma ana buɗe gidan ga masu ziyara lokacin zafi don samun kuɗin gyara. Abin da ya hana ta tarwatsewa shi ne al'adar gadonsu, wadda ta sha bamban da rabon gado irin namu: babban ɗa namiji ne ke ɗaukar sarauta da gida gaba ɗaya. Shi ya sa Charles ya gaji Althorp duk da yana da yayye mata uku, har da Dayana, kuma ɗansa Louis, haifaffen 1994, shi ne magaji duk da shi ma yana da yayye mata uku.