Jin sauƙi daban, warkewa daban

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, mutane da yawa ba sa yarda an duba su sai an yi musu allura ko an ɗaura musu ƙarin ruwa. Wani ma tun ba a zare allurar ba zai ce jiki ya yi daɗi. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Likitoci na kiran wannan tasirin plasibo: mutum ya ji sauƙi saboda ya sa rai, ko da ƙwayar sukari aka ba shi.

Idan hankali ya kwanta, ƙwaƙwalwa kan saki sinadaran rage raɗaɗi irin su endofin. A 1978 an gwada haka a Amurka a kan waɗanda aka cire wa haƙori, aka ba su maganin bogi, wasu suka ji sauƙi. Da aka ba su naloxone, maganin da ke toshe aikin sinadaran, sai sauƙin ya gushe.

Sai dai abin yana da iyaka. Yana rage raɗaɗi da tashin zuciya da kasala, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. A wani gwaji na 2011 a kan masu asma, maganin shaƙa na gaske ya buɗe huhu da kusan kashi 20 cikin 100, na bogi kuwa kashi 7 kacal, daidai da waɗanda ba a ba komai ba. Amma da aka tambaye su, masu na bogin sun ce sun ji sauƙi kusan kamar masu na gaske. A nan haɗarin yake.

Don haka idan zazzaɓi ya kama yaro, a fara da gwajin jinin yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito. Idan maleriya ce aka ba da Coartem, sau shida ake sha cikin kwana uku, tare da abinci mai maiƙo ko nono. Uwa ta ga yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, sai ta adana ragowar don ƙaninsa, alhali ƙwayar cutar tana nan cikin jini, kuma za ta iya dawowa. Haka mai hawan jini: ciwon kai ya tafi, awo kuma yana sama da 140/90. Na'urar awo ce alƙali.

Allurar kemis ba dole ta fi ƙwaya ƙarfi ba. Idan an taɓa amfani da ita tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, in kuma ta taɓa jijiya a ɗuwawun yaro ƙafa na iya shanyewa.

Tsoro ma yana aiki a jiki, yana ƙara raɗaɗi da hana barci. 'Yan dubiya, don Allah a daina cewa "irin wannan ce ta tafi da wane" a gaban majinyaci. A yi masa addu'a, a kwantar masa da hankali, sannan a tambaya ko ya sha maganinsa na yamma.