Tsarkakewa Da Bangaskiya: Waiwaye Kan Asalin Muhawarar

Gardamar da ake yi tsakanin Kirista a kan ko tsarkakewa ce ke riga bangaskiya ko kuwa bangaskiya ce ke haifar da ita ba yau aka fara ta ba, kuma kowane ɓangare yana da ayar da yake kafa hujja da ita. Masu cewa tsarkakewa ce a gaba suna nuna 2 Tasalonikawa 2:13, inda Manzo Bulus ya ambaci tsarkakewar Ruhu kafin gaskatawa da gaskiya, ɗaya ɓangaren kuma yana nuna Ayyukan Manzanni 26:18, inda aka ce ta wurin bangaskiya ake tsarkake mutane.

Farkon labarin sananne ne. Agustin, babban malamin ikkilisiya a Arewacin Afirka, ya yi jayayya da wani malami mai suna Felajiyus a kan alherin Allah, taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a birnin Kartaj a 418 ya goyi bayan Agustin, sannan Martin Luta ya tashi yana ƙalubalantar ikkilisiyar Katolika a 1517. A 1547 taron ikkilisiyar Katolika na Tirent ya yanke cewa barata, wato yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, ta ƙunshi gafarar zunubi tare da tsarkakewa da sabunta zuciya.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne rikicin da ya ɓarke a cikin gidan mabiya Luta su kansu. A 1550, a birnin Kenigsbag, wani malamin tauhidi mai suna Andariyas Osiyanda ya koyar da cewa Allah yana baratar da mai bi ne saboda Almasihu yana zaune a cikinsa da adalcinsa na allahntaka. Damuwarsa tana da tushe, domin yana tsoron kada barata ta koma hukuncin kotu kawai wanda bai taɓa halin mutum ba. Melankton, abokin aikin Luta, ya ƙi wannan koyarwa, Kalbin, wani jagoran gyaran ikkilisiya, shi ma ya keɓe mata doguwar amsa a bugun 1559 na littafinsa kan koyarwar addinin Kirista, saboda suna ganin idan tabbacin ceto ya dogara ga abin da ke cikin mutum, to zuciyar mai zunubi ba za ta taɓa samun kwanciya ba. Osiyanda ya rasu a 1552, amma ƙurar ba ta lafa ba sai da yarjejeniyar haɗin kan mabiya Luta ta 1577 ta tsai da cewa sabuntawa da tsarkakewa suna bin bayan barata ne.

Daga nan ne aka saba da jera aikin ceto mataki bayan mataki, har bambancin da aka yi don kare tabbacin ceto ya rikiɗe a bakin na baya ya zama tambayar lokaci, wato me ya fara faruwa. Abin lura shi ne, Kalbin kansa ya ɗauki barata da tsarkakewa a matsayin alheri biyu da ake karɓa tare a cikin Almasihu, har ya bayyana tsarkakewa kafin barata a littafinsa.

A ganina, jeren ya tilasta wa kalma ɗaya ta tsaya wuri ɗaya, alhali Sabon Alkawari yana amfani da ita ta fuska biyu. Wani lokaci tana nufin keɓe mutum domin Allah, aikin da Ruhu Mai Tsarki yake farawa, wani lokaci kuma girma cikin tsarki na tsawon rayuwar mai bi. Shi ya sa 1 Korintiyawa 6:11 ta iya cewa an wanke, an tsarkake, an baratar, ba tare da ta yi karo da ayar Ayyukan Manzanni ba.