Kuɗin darasin kimiyya na dogon hutu a Amurka ba a hannun iyaye ake danƙa shi ba

Kwana biyun nan wani saƙon murya na ta yawo a guruf ɗin 'yan uwanmu mazauna Amurka, wai gwamnati na rabon kuɗi ga duk mai yaro a firamare don ya sa shi darasin kimiyya a dogon hutu, kawai ka tura sunanka da lambar asusun banki. Wasu kuma sun ce ai an soke shirin, wasu sun ce masallaci ko ya nema ba za a ba shi ba. Jama'a duk ukun ba haka ba ne, na farkon ma damfara ce tsagwaronta, kar wanda ya tura lambar komai.

Shirin dai sunansa 21st Century Community Learning Centers, yana cikin dokar ilimi ta ESSA wadda Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015, kuma kuɗinsa ya kai wajen dala biliyan 1.3 a shekara. Gwamnatin tarayya ce ke tura wa jihohi, jiha ta cire ɗan kasonta na gudanarwa, aƙalla kashi 93 cikin 100 kuma dole ta raba shi ta hanyar gasa ga waɗanda suka rubuta takardar nema. Masu nema su ne hukumomin makarantu, ƙungiyoyin al'umma, na addini da makamantansu. Babu uba ko uwa a ciki. Abin da zai iso gidanka shi ne gurbi, yaronka ya je ya haɗa ɗan mutum-mutumi ko ya shuka wake a kofi yana auna tsawonsa kullum, kuma an fi ba da fifiko ga makarantun da 'ya'yan marasa ƙarfi suka yi yawa. Tallafin ba ya gaza dala 50,000 a shekara, na tsawon shekara 3 zuwa 5.

Maganar sokewa kuwa na san inda ta samo asali. A ƙarshen Yunin 2025 gwamnatin Trump ta riƙe kuɗaɗen ilimi sama da dala biliyan 6 da ya kamata su isa jihohi ranar 1 ga Yuli, har da na wannan shirin, hankalin mutane ya tashi, jihohi suka garzaya kotu, to amma cikin watan Yulin aka sake su. Riƙewa aka yi, dokar tana nan.

Yanzu ga inda ake yawan rikicewa. Masallaci ko coci na da damar nema kamar kowa, ba a hana ka don kana ƙungiyar addini. Abin da aka hana shi ne a taɓa kuɗin a ibada, ko koyar da addini, ko wa'azi. Wato idan Malam zai koyar da yara yadda batir ke kunna ƙwan fitila daga tara zuwa sha biyu, a biya shi da kuɗin tallafi, lafiya lau, amma in an zo hadda sai a raba lokaci ko a raba wuri, a biya daga wani aljihun daban, kuma yaron da bai so zama ba ba a tilasta masa. Ni dai ban ga zalunci a nan ba, tunda ƙa'idar da ta hau kan liman ita ce ta hau kan fasto.

Ɗaya sharaɗin ya fi wannan santsi. Doka ta ce kuɗin ƙari ne a kan abin da ake kashewa, ba madadinsa ba. Misali makaranta ta saba biyan malamin kimiyya na hutu daga kasafinta, sai tallafi ya zo ta ce alhamdulillahi, ta maida albashinsa kan tallafin ta kwashe nata kuɗin ta gyara rufi. To wannan laifi ne ko da kuwa ba wanda ya ci ko sisi. Abin da ake so a gani shi ne an ƙara yara, ko an ƙara makonni, ko an kawo abin da da babu. Masu binciken kuɗi in sun gano, sai a ce a dawo da abin da aka kashe, ana ma iya dakatar da tallafin. Wanda kuma ya shirga ƙarya da gangan, kamar ya cika rajista da sunayen yaran da ba su taɓa zuwa ba, akwai dokar tarayya kan yi wa gwamnati da'awar ƙarya da ke iya sa ya biya ninki uku na asarar, ban da tara.

Inda nake ganin an ɗan danne ƙananan ƙungiyoyi shi ne wajen takardu. A jihohi da yawa sai ka kashe naka tukuna ka kai rasit a biya ka, to ƙungiyar da ke tara taro da sisi ranar Juma'a ina za ta samo albashin wata biyu ta ajiye? Shi ya sa galibi manyan da ke da akawu da mai rubuta takardar nema su ke lashewa. Mafita ga ƙanana ita ce su haɗa kai da hukumar makarantun yankinsu su nema tare, dama dokar ta ce a fifita irin wannan neman na haɗin gwiwa. Iyaye kuma ofishin makarantar yaronku za ku tambaya ko suna da cibiyar wannan shirin, tun kafin hutu ya matso, don gurbin kan cika da wuri.