Tiyatar Sakin Jijiyar Wuyan Hannu da Kuɗinta a Legas

Tiyatar sakin jijiyar wuyan hannu ƙaramin aiki ne da ake yi wa wanda jijiyar tsakiyar hannunsa ta matse. A wuyan hannu akwai wata ƙuntatacciyar hanya: ƙananan ƙasusuwa takwas sun yi mata ƙasa da gefe, wani tantani mai tauri ya rufe ta ta ɓangaren tafin hannu. Jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suna bi ta ciki, tare da guda ɗaya mai kai saƙon ji zuwa babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na huɗu. Da zarar wurin ya kumbura, ita ce ke shan matsi. Likita yana tsaga tantanin ne domin ta sarara.

Ciwon yakan fara da dare. Mutum ya farka yatsunsa sun yi dindiris, ko ya ji kamar ana tsira masa allura, sai ya yarfa hannu kafin ya samu sauƙi. Ƙaramin yatsa ba ya shiga ciki, alamar da likitoci ke lura da ita. Ya fi kama mata, kuma ciwon suga, juna biyu, ƙiba da ciwon gaɓɓai suna ƙara jawo shi, haka ma aikin da hannu ke maimaita motsi ɗaya da ƙarfi ko riƙe abin da ke girgiza. Shi ya sa ba baƙo ba ne ga mahautan Oko-Oba, teloli a Agege, masu wanki da guga, da 'yan acaɓa. Da yawa sukan ɗauka sanyi ne, su yi ta shafa man zafi da sayen ƙwayoyi a kyamis.

Likitan Ingila James Paget ya bayyana irin wannan matsewa a 1854, likita James Learmonth ya ba da rahoton tiyatar a 1933, sannan likita George Phalen na Amurka ya yaɗa saninta daga shekarun 1950.

Abin da ake biya

Shi kansa yankan bai cika wuce minti ashirin ba, kuma ana sallamar mutum a ranar. Amma kuɗin ba na wuƙa kaɗai ba ne. Akwai kuɗin kati da ganin likita, gwajin jini da na suga, kuɗin ɗakin tiyata, allurar kashe zafi, magani, wankin ciwo, da cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Wasu likitocin sukan nemi gwajin da ke auna gudun saƙo a jijiya da lantarki. Na'urarsa ba a kowane asibiti take ba, don haka shi kaɗai yana iya cin kaso mai tsoka.

Abu biyu ne suka fi ɗaga farashi ko sauke shi. Na farko salon aikin: buɗe tafin hannu da ɗan yanka ya fi araha, shiga da siririyar kyamara kuwa, wanda ya yaɗu daga ƙarshen shekarun 1980, yana buƙatar kayan da ake shigowa da su daga waje. Mai kyamara yakan sa a koma aiki da ɗan wuri, amma bayan watanni sakamakonsu kusan ɗaya ne. Na biyu shi ne allura. Idan wurin kaɗai aka kashe, mutum yana farke, ba a buƙatar likitan sa barci ko gado. Likitan Kanada Donald Lalonde ya shahara da yaɗa wannan hanya, kuma ita ce ta fi dacewa da aljihun talaka. Ya kamata majiyyaci ya tambaya tun farko ko za a iya yi masa haka.

Bambancin wuri

A Ingila hukumar lafiya ta gwamnati tana yin aikin kyauta, sai dai a jira layi. A Amurka ana maganar dubban daloli, kuma farashin yana sauyawa daga jiha zuwa jiha. A Najeriya, inda fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fitowa, bambancin ya fi fitowa tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi.

A Legas, Asibitin Ƙashi na Igbobi, asibitin koyarwa na Idi-Araba da na jiha a Ikeja duk suna da likitocin ƙashi da na gyaran jiki. Kuɗinsu ya fi sauƙi, amma ana biya da lokaci: sammako, bin layi, jiran ranar aiki. Asibitocin kuɗi na Ikoyi, Victoria Island da Lekki sun fi sauri, sai dai hayar gini da dizal na cikin takardar da za a miƙo. Faɗuwar naira tun 2023 ta tsadar da zare, safar hannu da magani, ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024 ya daɗa nauyi. Farashin bara ba abin dogaro ba ne bana. Gara a nemi lissafi a rubuce, a ji ko wankin ciwo da cire zare suna ciki.

Wata dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, jihar Legas kuma tana da shirinta na Ilera Eko. Biyan tiyata ya danganta da tsarin da mutum ya shiga, kuma sai an samu amincewa kafin aiki.

Wasu Hausawan Legas sukan zaɓi komawa gida, a yi musu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Dabara ce mai ma'ana ga wanda ba shi da mai jinya a nan, domin kuɗin da ba ya cikin rasit shi ne na zaman gida. Mai aikin ofis yana iya komawa cikin mako ɗaya ko biyu, amma ɗan dako a kasuwar Mile 12 ko mahauci sai ya yi makonni huɗu zuwa shida, wani ma fiye, hannu bai ɗauki nauyi ba, ga haya, ga cefane, ga aike gida.

Ba kowa ke kaiwa ga tiyata ba. A farkon ciwo, ɗaure wuyan hannu da abin da ke hana shi lanƙwasawa da dare ko allurar rage kumburi sukan wadatar, na mai ciki kuma sau da yawa yakan tafi bayan haihuwa. Amma idan aka bari har naman gindin babban yatsa ya zube, ko an yi aikin ƙarfin riƙo ba lallai ya dawo duka ba.