Bambancin gado da dangantaka tsakanin kifayen turut a kogi ɗaya

Turut mai ruwan ƙasa, wanda masanin halittu Linne ya raɗa wa sunan kimiyya Salmo trutta a 1758, kifin ruwan sanyi ne na Turai da yammacin Asiya da duwatsun Atlas na Maroko. Babu shi a Nijar, domin ba ya girma sosai a ruwan da ya haura digiri 19, in zafi ya kai wajen digiri 25 kuwa sai mutuwa, ruwan tafkunan Damagaram kuma da bazara ya wuce haka. Yana cikin kifayen da aka fi bin diddigin gadonsu, saboda a cikin kogi ɗaya da rassansa akan tarar da zuriyoyi da dama waɗanda ba sa cuɗanya.

Abin da ke raba su

Turut na yin ƙwai ne tsakanin ƙarshen kaka da tsakiyar hunturun Turai. Macen kan tona rami da wutsiya a cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai, namiji ya barbara, ta rufe. Kifin da aka ƙyanƙyashe a wani rafi, ko ya yi nisa zuwa tafki ko teku, yawanci can yake komawa ya hayayyafa. Haka kowane reshen kogi ke zama da nasa iri, kamar makiyayan da ke haɗuwa a mashaya ɗaya amma kowa ba ya aure sai a rugarsu.

Gangaren ruwa da madatsa suna ƙara tsananta rabuwar. Na sama kan iya faɗowa ƙasa, na ƙasa ba sa iya hawa, don haka gado yana tafiya ta gefe ɗaya. Na saman, da yake ba su da yawa, bambancin gadon da ke tsakaninsu su kansu yana raguwa: kowane zubi na zuriya ana rasa kashi ɗaya bisa ninki biyu na adadin iyayen da suka haihu da gaske. Iyaye 25 ke nan asarar kashi 2 cikin ɗari a zubi guda. Wani lokaci ma ba a buƙatar shinge. A tafkin Melbin na ƙasar Ayilan akwai turut iri uku a ruwa ɗaya, kowane da abincinsa da wurin ƙwansa.

A babban mataki, binciken masanin gadon kifi Louis Bernatchez na 1992 da 2001 ya kasa kifin zuwa manyan jijiyoyi biyar, wato tushen zuriya, ta ɓangaren uwa: na Atlantika, na Danube, na Bahar Rum, na Adriyatik, da na turut mai zanen marmara.

Yadda ake auna dangantakar

Ana kama kifin da na'urar lantarki mai sumar da shi na ɗan lokaci, a sa shi a bokitin ruwa mai ɗigon man kanumfari ya lafa. A auna tsawonsa, a yanki ɗan guntu daga ƙaramin fiffiken kitse da ke bayansa kusa da wutsiya, a jefa a kwalbar alkol mai ƙarfin kashi 96, a mayar da shi ruwa da ransa. Kifi 30 zuwa 50 ake so daga kowane wuri. A ɗakin gwaji a ciro sinadarin gado na ADN, a ninka shi ta hanyar PCR, wato dabarar yin kwafinsa da yawa, a karanta gurabe 10 zuwa 15 masu maimaituwar gajerun haruffa, ko kuma dubban gurabe masu sauyin harafi ɗaya kamar yadda aka fi yi yanzu.

Ma'aunin bambancin gado tsakanin kifayen rafuka biyu da aka fi ambata shi ne FST na masanin gado Sewall Wright, daga 0 zuwa 1. Sifiri na nufin rafukan biyu tamkar garke ɗaya ne. Ƙasa da 0,05 bambanci kaɗan ne. Sama da 0,25 rabuwa ce mai zurfi, irin wadda ake gani tsakanin sama da ƙasan gangare. Tsakanin kifi da kifi kuwa, da wani ma'aunin na kusancin jini ake aiki: shaƙiƙai kan ba da kusan 0,5, waɗanda suka haɗa uba kaɗai ko uwa kaɗai 0,25.

Yawancin kurakuran a bakin rafi suke faruwa, ba a ɗakin gwaji ba. Ƙananan turut ba sa yin nisa da ramin da aka ƙyanƙyashe su a watanninsu na farko. Wanda ya tsaya wuri ɗaya ya kwashe ƙanana 40, wataƙila ƴaƴan uwa biyu ko uku ya tara. Lissafi zai nuna masa rafin ya sha bamban da maƙwabcinsa, alhali gidaje biyu kawai ya kwatanta. Maganin shi ne a baza kamun a tsawon ɗaruruwan mita, a haɗa kifi masu shekaru daban-daban, a kuma tace shaƙiƙai kafin lissafi. Cusa nama da yawa a alkol kaɗan ma yana ruɓar da samfurin, domin ruwan jikin naman ya tsinka alkol ɗin. Shi ya sa ake canza shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Almakashin da ba a wanke ba kuma yana haɗa gadon kifi biyu.

Zuba kifin gona

Babu abin da ya dagula wannan tsari kamar sakin kifin da aka raina a gona, wanda akasarinsa daga jijiyar Atlantika yake. A kogin Soca na Silobeniya an fara zuba baƙon turut a 1906, ya barbari mai zanen marmara, har tsarkakakken irin ya rage a rafuka takwas kacal na can saman duwatsu, inda gangare ya tare baƙon. A 1996 aka hana zuba shi. Wannan kaɗai ya isa a daina kallon rusa kowane shinge a matsayin alheri: madatsar da ke tauye wata zuriya tana iya zama katangar da ke kare wata.

Amfaninsa a Damagaram

Dabarun nan suna aiki a kan tarwaɗa da karfasa. Tafkuna irin na Gidimuni da Lasuri ba sa haɗuwa da juna, kuma a Nijar an saba kwaso ƴaƴan kifi daga wani ruwa a zuba a wani. In daga iyaye ƙalilan aka samo su, tafki na iya cika da kifi amma kusan duk dangi ne. Kafin a zuba, ya kamata a ɗauki samfurin kifin da ke tafkin, a rubuta ruwan da baƙin suka fito da adadin iyayensu, a kuma daidaita maza da mata: namiji 5 da mace 45, a lissafin gado, daidai suke da iyaye 18 kawai.