Gyaran lagwani

Gyaran lagwani shi ne rage tsawon zaren kyandir ko na fitila, da cire ƙonannen kansa kafin a kunna, domin harshen wuta ya tsaya daidai, hayaƙi ya ragu, a kuma kauce wa gobara. A Sakkwato da kewayenta an fi sanin aikin a kan aci-balbal da fitilar ƙwai. Kyandir daga baya ya shigo.

Suna

Kalmar fitila, wadda Sakkwatawa ke furtawa hitila, daga Larabci take, kuma a can ainihin ma'anarta shi ne lagwanin kansa. Kyandir aro ne daga Turanci.

Dalilin gyaran

Ba zaren ne ke ba da haske ba. Zafi yana narkar da kakin da ke gindinsa, zaren ya tsotso shi sama kamar yadda tsumma ke tsotsar ruwa, ya zama tururi, tururin ne ke ci da wuta. Idan zaren ya yi tsawo, sai ya jawo mai fiye da abin da wutar za ta iya cinyewa. Ragowar ta fita baƙin hayaƙi, ta zama kunkunniya a bango da rufin ɗaki, har da hancin mai karatu. Kan zaren kuma ya yi wani baƙin ƙulli kamar kan ƙusa, wanda kan ɓalle da wutarsa ya faɗo. Idan kuma an datse shi fiye da kima, narkakken kaki ya nutsar da shi, wutar ta mutu.

Tarihi

Kafin zuwan kananzir, fitilar ƙasar Hausa ɗan kasko ce na yumɓu ko na ƙarfe. A zuba man kaɗe ko man gyaɗa, a murza auduga ko tsumma a kwantar, kansa ya ɗan leƙo bakin kaskon. Irin wannan lagwani ba ya cinye kansa, don haka mai zama kusa da shi ba ya rabuwa da tsinke: ya kaɓe toka, ya ɗan turo zaren gaba, haske ya dawo. Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa wajen 1809, gari ne na malamai da masu kwafar littattafai da hannu, kuma ga mai rubutun dare wannan ɗan aiki ba ƙarami ba ne, domin ɗigon mai ko tartsatsi guda ya isa ya ɓata takardar da aka sha wahala a kanta. Almajiran makarantun allo kuwa wutar kara suke kewayewa.

A Turai matsalar ta fi tsanani. Yawancin kyandirorinsu na kitsen shanu da tumaki ne, zarensu murɗaɗɗe, yana tsayawa ƙyam a tsakiyar wuta yana tara gawayi, sai an riƙa datse shi sau da dama cikin sa'a guda. Har almakashi na musamman suka ƙera, mai ɗan akwati a baki da ke kama guntun da aka yanke, kuma gidajen wasan kwaikwayo sukan ɗauki mutum wannan kaɗai ne aikinsa. Wajen 1825 wani Bafaranshe mai suna Cambacérès ya fito da kitsattsen zare. Kitson yana sa kan zaren ya lanƙwasa zuwa gefen wuta, inda iska ta fi yawa, sai ya ƙone ya zama toka da kansa. A shekarun 1820 ne kuma masanin sinadarai Chevreul, shi ma Bafaranshe, ya ware sinadarin sitiyarin mai tauri daga kitse, kakin farafin ya shiga sana'ar kyandir a shekarun 1850. Daga nan almakashin ya fara komawa kayan tarihi.

Ana kyautata zaton fitilar ƙwai ta yaɗu a Sakkwato ne bayan shigowar Turawa a 1903, lokacin da kananzir ya shiga kasuwanni.

Yadda ake yi

Kitsattsen zare ya rage aikin, bai kawar da shi ba, musamman a kyandir mai kauri ko na cikin kwalba. Masu sana'ar kyandir suna ba da shawarar a bar kamar milimita 6, wato rubu'in inci. Ana datsewa ne bayan kakin ya huce ya daskare, a kuma tsince guntun har da tsinken ashana, domin duk abin da aka bari a cikin kaki lagwani ne na biyu. Kada kyandir ya wuce sa'a huɗu yana ci ba a kashe ba.

A fitilar ƙwai, ana yanke lagwani a miƙe, a ɗan rage kusurwoyinsa biyu. Idan aka bar kusurwa, wutar ta yi ƙaho gefe guda, ƙwan ya yi baƙi ƙirin kafin sallar Isha'i, wani lokaci ma ya tsage.

Yanayin Sakkwato yana da nasa hukunci. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kyandir ya yi laushi ya karkace tun yana cikin kwali, zarensa ya kauce daga tsakiya, ya riƙa zubar da kaki ta gefe. Da hunturu kuma iska da bushewar kaya ne abin tsoro. Doguwar wuta kusa da gidan sauro, labule ko katifa, ga yara suna barci, haɗari ne da datsewar daƙiƙa biyar ke ragewa, ko da yake ba ta maye gurbin kashe wuta kafin a kwanta.

Saɓani

Ana jayayya kan ko kakin zuma ya fi farafin ƙarancin hayaƙi. 

A yau

Fitilar caji da sola da tocilar waya sun karɓe yawancin ɗakuna. Aci-balbal ta gwangwani tana nan a wasu teburan masu tsire da masu shayi.